Tebur na gaba da bayan katanga: kwana uku da kayan sauti a Katsina da Daura

Mun bar Kano bayan sallar Asuba, kwana uku da Ƙaramar Sallah, a mota ƙirar Kanta maƙare da kaya: manyan lasifiku takwas, na ƙasa masu dukan ƙirji huɗu, ƙanana huɗu da ake ajewa gaban mawaƙi don ya ji kansa, amfilifaya masu ƙara wa sauti ƙarfi biyar, miksa (na'urar haɗa sauti da daidaita shi) mai layi 24, makirufo 12, biyu daga ciki marasa waya, sai naɗin kebul da ya kai a cika buhu uku. Wasa biyu aka kira mu, ɗaya a Katsina ɗaya a Daura.

Lodin kayan sauti yana da ƙa'ida, wanda ya raina ta kuwa a wurin wasa yake biya. Masu nauyi su ne a ƙasa, daidai saitin tayoyin baya. Lasifika biyu-biyu ake haɗa su fuska da fuska, don kada wani ƙarfe ya huda takardar. Akwatin amfilifaya kan tsohuwar katifa yake zama, domin girgizar hanya ce ke kwance dalmar da ke ciki, ka je ka kunna gefe ɗaya ya ƙi magana ka rasa dalili. Miksa kuwa gaban mota take shiga tare da mutane. A watan zafi irin wannan, bayan motar da aka rufe da tamfol ba shi da maraba da tanda.

Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanci, kimanin kilomita 170 ke nan, muka shiga gari ta Ƙofar Ƙaura hantsi ya ɗaga. Garin bai gama sauke kwalliyar Sallah ba. An yi Hawan Bariki, amma har yanzu kana cin karo da yara suna jan dawaki zuwa wanka, ga 'yan mata da lalle ja wur cike da kurkura.

Wurin wasan fili ne mai katanga a unguwar masu hali, tsawonsa daga dandamali zuwa ƙofa ya kai mita 60. Mai shirya wasan ya kasa shi uku. Gaba tebura ne masu farin ƙyalle, kowane na mutum shida, naira 200,000. Tsakiya kujerun roba, 10,000. Can baya, bayan wata igiya da aka ja, tsayuwa ce, 2,000. Akwai kaso na huɗu da ba ya cikin takardarsa, wato bayan katanga, inda masu tsire da masu shayi da yaran unguwa suka riga mu kama wuri tun azahar.

Na tsaya ina lissafin teburin nan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Tebur ɗaya na dare ɗaya ya kusa albashin wata uku na masinjan ofis. Ba na ƙyashin wanda Allah ya ba, kuma na san kuɗin teburan nan ne ke biyan mawaƙi da dizal da mu kanmu. Ba don su ba, da tikitin 2,000 bai samu ba. Abin da ke ci mini rai daban ne, kuma a aikina yake. Kowa ya yarda mai tebur ya fi samun wurin zama da abin sha da ganin fuskar mawaƙi. Amma jin waƙar fa? Ai ita kowa ya biya ya zo ji.

Ga yadda abin yake. A fili buɗaɗɗe, duk sanda nisanka da lasifika ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6, wato ma'aunin da ake auna ƙara da shi. Teburin farko yana mita 5 daga dandamali. Daga 5 zuwa 10, zuwa 20, zuwa 40, nisa ya ninka sau uku ke nan, desibel 18 sun tafi. Idan mai tebur yana samun 100, na bayan igiya 82 yake samu, surutun jama'ar da ke kewaye da shi kaɗai ya isa ya cinye wannan. Kuma ba duka sautin ke tafiya daidai ba. Dukan ganga mai kauri yana ratsa mutane da katanga ya wuce, amma siririn sautin da ke fito da harafi, wanda ke raba "sa" da "sha", jikin mutane da iska ke shanye shi tun a hanya. Shi ya sa na baya yake jin dum-dum a ƙirjinsa amma bai san me ake faɗa ba.

Abin da yawancin masu kaya ke yi shi ne su murɗa har ƙarshe. Illa biyu ke biyo baya. Ta farko a kunnen na gaba: Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar wa wuraren wasa a 2022, ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100. Wanda ya kwana kunnensa na ƙugi bayan biki, ya sani ɓarna ce ta fara, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ta biyu a kayan. Idan aka matsa wa amfilifaya fiye da ƙarfinta, jar fitila za ta kama, sautin ya fara tsagewa, wannan tsagewar ce ke ƙona ƙaramar lasifikar sama. Da ta ƙone, kalmomi sun tafi gaba ɗaya, ga mai tebur ma.

Maganin ba boyayye ba ne. A ɗauki lasifika biyu a kafa su kan sanduna a mita 30, dama da hagu, sama da kan mutum da kamu biyu ko uku, suna kallon baya. Sai dai ba a haɗa su kai tsaye. Sauti a iska yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, a zafin Katsina ya kan kai 350, shi kuwa na cikin waya nan take yake isa. In ba a jinkirta na bayan ba, mutum zai ji kowace kalma sau biyu, waƙar ta zama kamar amsa-kuwwa a rijiya. Lissafinsa kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ne ga kowace mita. Mita 30 tana neman kashi 86 zuwa 88, sai a ƙara kamar 10 a kai don kunne ya ɗauka daga dandamali muryar ke fitowa. Yawancin miksocin zamani suna da wannan a cikinsu. Abin da ake buƙata duka: lasifika biyu, amfilifaya ɗaya, sanduna biyu, kebul mita 40 a kowane gefe, da aikin rabin awa.

Na kai wa mai wasan wannan magana yana tsaye yana ƙirga katan ɗin lemo.

"Alhaji, a ba ni wuri nan da can in kafa biyu, na baya su ji."

Ya dubi inda na nuna. Sanda ɗaya za ta tare hanyar da masu kai abinci ke bi, ɗayar kuma sai an matsar da tebur guda.

"Malam, mi za ya sa in taɓa tebur? Waɗannan su suka biya kuɗin kayan naka. Ka dai ƙara musu ƙara, na baya za su ji."

Ban ga mugunta a fuskarsa ba. Bai taɓa tsayawa bayan igiya ya saurara ba, shi ke nan. Muka daidaita a kan sanda ɗaya ta gefen hagu, inda babu tebur. Daren nan rabin masu tsayuwa sun ji waƙa, rabi sun ji ganga. Ina kallonsu daga wurin miksa suna gangarowa hagu kaɗan-kaɗan, har gefen dama ya zama fili.

Wuta ita ce rabin aikin wasa, kuma nan ne kuɗi ke tafiya. Tun Afrilun 2024 da aka mayar da kuɗin wutar layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, daga 68, masu manyan wurare suke ƙara kuɗin haya, ga shi kuma ba mai hankalin da zai jingina wasa a kan wutar gari kaɗai. Injin da aka kawo mana mai kVA 60 ne. Kada lambar ta ruɗe ka: abin da zai ba ka na aiki kusan kilowat 48 ne, kashi 80 cikin 100, kuma ba a son a cika shi fal. Inji irin wannan, da kaya a kansa, yana shan dizal wajen lita 10 a awa. Daga gwajin sauti da la'asar zuwa tashi ƙarfe goma sha ɗaya, awa bakwai, ka tanadi lita 70 da ɗoriya.

Da na bi layukan sai na tarar an ɗora na'urar sanyaya ɗakin manyan baƙi da firiza biyu a kan layin da aka ware mana. Duk sanda kwamfuresa ta tashi, takan fizgi wuta ninkin abin da take ci a zaune, wutar ta yi ƙasa na ɗan lokaci, miksa mai kwamfuta ta mutu ta sake tashi, fili ya yi tsit ana tsakar baiti. Sanyin mutum goma a ɗaki sai ya katse wa mutum dubu waƙa. Muka mayar da su wani layin, muka sa wa miksa ƙaramin batirin riƙon ƙwarya.

Kaurin waya ma abin dubawa ne. Mai wurin ya miƙo mana waya mai kaurin 2.5, tsawon mita 50. In ka ja amfiya 20 ta cikinta, bolt 18 ne ke zubewa a hanya cikin 230, wayar ta yi ɗumi, amfilifaya ta rasa ƙarfi daidai lokacin da ganga ta buga. Mai kaurin 6 a wannan nisan bolt 7 kawai take zubarwa. Sai sandar ƙasa. Ƙasar Katsina rairayi ce, a bazara busasshiya ƙayau, ba ta karɓar wuta. In ba a kafa sandar tagulla ta nutse sosai an jiƙa gindinta da bokiti biyu na ruwa ba, mawaƙi na kai makirufo baki zai ji ta cije shi a leɓe. Wajen kunnawa, miksa ce farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa a juya. Wanda ya saɓa zai ji "ɗum" ɗin da ke fasa lasifika.

Bayan Isha'i wuri ya cika. A nan na ga yadda waya ta sauya liƙi. Da can mai kuɗi zai taso da bandir ɗin sababbin takardu yana mannawa mawaƙi a goshi, suna zuba ƙasa, yara biyu na tsincewa cikin buhu. In an tashi a zauna a ƙirga a gaban kowa: kason mawaƙi, na makaɗa, na 'yan amshi, na sanƙira, har mai ɗaukar kaya ya samu na shan ruwa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, mutane suka saba da tura kuɗi ta waya. Ga kuma dokar Babban Banki ta 2007, da ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun ga mai wulaƙanta naira, wadda aka fara ɗaga ta da gaske a 'yan shekarun nan. Yanzu lambar asusu ce rubuce ɓaro-ɓaro a allon bayan dandamali. Alhaji ya danna daga kujerarsa, ya nuna wa sanƙira fuskar waya, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi adadi, fili ya ɗauki tafi.

Tsafta ta fi, babu tattake kuɗi, babu ɓarawon tsintuwa. Amma kuɗin asusun mutum ɗaya suke shiga, ba wanda ya ga shigarsu sai shi. Mai kalangun da ya kwana yana matse igiya a hammata ba shi da hanyar sanin nawa aka samu, sai abin da aka ce masa. Shawarata ga kowace ƙungiya ita ce a buɗe asusu na wasa daban, alat ya riƙa shiga waya biyu, ta mawaƙi da ta babban makaɗi, a kuma yanka kaso tun kafin a hau dandamali. Buhun nan na da, duk ƙurarsa, shaida ne da kowa ke gani.

Wayoyin da ke sama kuwa sun fi hannayen da ke tafi yawa. Na teburan gaba suna watsa wasan kai tsaye a TikTok da Instagram. Awa ɗaya ta irin wannan takan cinye data wajen gigabayit ɗaya ko fiye, ga kuɗin kira da data an amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 tun Janairun 2025. Na baya ba mai wannan ƙarfin. Su ɗaukar minti biyu suke yi su tsaya, domin hoto mai kyau yana cin megabayit 100 ko fiye a minti, wayar kuwa ta riga ta cika. Da mutum dubu suka taru ƙarƙashin ƙarfen sabis ɗaya, sai layi ya cushe: mai POS na bakin ƙofa yana ɗaga na'urarsa sama yana juyawa, an cire wa mai sayen tikiti kuɗi, takarda ba ta fito ba, mai gadi ya ce ba shiga. Wanda ke da asusu biyu da layi biyu ya sake biya ya wuce. Wanda 2,000 ɗin ce ke gare shi duka ya koma jikin katanga yana jiran kuɗinsa su dawo. Mai shirya wasa da ya san aikinsa yakan sayar da tikiti tun kwana biyu kafin ranar, ya aje POS na kamfani biyu da layin sadarwa biyu a ƙofa, ya kuma bar teburin tsabar kuɗi.

Ga mai son ɗaukar wasa da waya: kada ka tsaya gaban lasifikar ƙasa. Makirufon waya ƙarami ne, dukan ganga na toshe shi, ka koma gida da ɓurɓuri. Tsaya kusa da mai miksa, domin a nan aka daidaita sautin.

Washegari muka ɗauki hanyar Daura ta Mashi, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Gonaki fayau suna jiran ruwan farko, jakuna da kurar ruwa a bakin rijiyoyin burtsatse. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama a Nijeriya, kuma kusan kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke. A kan wannan hanya ba ka buƙatar takarda ta gaya maka. Rufin gidaje ma ya isa: wani gidan faifan sola goma sha biyu ne jere a sama, maƙwabcinsa kuwa wayarsa na shagon mai caji.

Na shiga irin wannan shago kusa da Rijiyar Kusugu don in ɗan sa wayata. Allon katako ne da soket sun fi hamsin, kowace waya da lamba manne, a ba ka 'yar takarda mai irin lambar. Ƙaramin injin fetur ke ja, kuma tun cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 kuɗin caji ya bi kuɗin lita. Injin ba shi da abin daidaita wuta, da an zare kaya da yawa lokaci ɗaya sai wutar ta haura ta ƙona caja. Wayoyi kuma a cunkushe cikin zafin kwano, shi ke kumbura batir. Na ce wa yaron shagon ya raba su da juna, ya ɗaga allon daga jikin kwanon, ya tara kuɗin faifan sola biyu da batir ko da a hankali ne. Ya ce, "Yallaɓai, kuɗin batirin nan jarin shagon ne gaba ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Sola ta fi arha a tsawon shekara, amma sai mai kuɗin biya a dunƙule ke cin wannan arhar. Marar shi kullum yana sayen mafi tsada da kaɗan-kaɗan.

A Daura aka binne Mamman Shata a 1999, kuma har yau garin bai saki kalangu ba. Wasan da ya kai mu na biki ne, a ƙofar gida, ba tikiti ba igiya. Masu bikin sun riga sun ɗauko wani dattijo mai kayan sauti na unguwa, mu aka ce mu ƙara ƙarfi. Da na ga shirinsa sai na bar rabin kayanmu a mota. Ƙahonni huɗu irin na masallaci ya ɗaure, ɗaya a kan darbejiya, ɗaya a sandar wuta, biyu a kan soro, kowanne na kallon kusurwarsa. Amfilifaya ɗaya ce, a kan batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200. Lissafinsa daidai ne: batirin na ɗauke da wat 2,400 na awa, rabi ake ci in ana son ya yi ƙarko, amfilifayar ba ta wuce wat 200 ba, awa shida ke nan ba ƙarar inji ba hayaƙi.

Ƙaho ba ya fitar da kauri, muryar ta kan fito da ɗan kaifi, mai son daɗin kiɗa zai ce da sauran aiki. Amma yana sama, yana kusa da kowa, kuma abin da yake fitarwa shi ne daidai sashen da kalma take. Tsohuwar da ke zaune a zauren gida na biyar ta ji sunan da aka ambata. Abin da muka ƙara masa kaɗan ne: lasifikar ƙasa biyu don kiɗan ya yi jiki, da makirufo ga makaɗa. Kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, makaɗi na matsawa yana juyawa, don haka in ka kafa makirufo a sanda sautin zai riƙa zuwa yana tafiya. Ƙarami mai maƙali ake sa wa a bakin gangar, taƙi ɗaya daga fata, ta gefen da ba zai haɗu da sandar kiɗan ba. Mawaƙi kuma a hana shi wucewa gaban lasifika da makirufo a hannu, ko ya dunƙule kansa da tafinsa, nan ne kukan nan mai huda kunne ke tasowa.

Ba zan ce a Daura babu bambanci ba. Kujerun gaba na masu babbar riga ne, kuma sunan wanda ya ba da kyauta shi ke shiga waƙa, talaka sai dai ya yi amshi. Haka abin yake tun kafin a ƙirƙiro lasifika. Amma waƙar kanta ba a kasa ta uku ba. Dattijon nan, da kayan da duka kuɗinsu bai kai na lasifikata ɗaya ba, ya yi abin da aka hana ni yi a fili mai injin kVA 60.

Da safe muna ɗaure kaya don komawa Kano ta Kazaure da Dambatta, ɗaya daga cikin yaran da suka taya mu lodi ya ce ai yana da wasanmu na Katsina a waya, wani abokinsa ya turo masa ta Xender. Ya kunna mini. Daga bayan katanga aka ɗauka, ta gefen dama. Ana ganin hasken fitilu ja da shuɗi a saman bango da kawunan yara uku da suka ɗare. Ana jin ganga, ana jin mai tsire yana cewa a kawo canji. Na kara wayar a kunnena har hoton ya ƙare, minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, ban tsinci kalma ɗaya ta mawaƙin ba.